Sawun da Ya Zagaya Kilvarra

Ranar Talata da safe Delia Tansey ta tarar da gurbin fayau. Ta je kufan tsohon gidan sufaye na Kilvarra ne ɗebo ruwan rijiya a kwalba saboda ciwon gwiwarta, kamar yadda take yi duk mako. Da ta ɗaga kai za ta gaida Waliyyi, sai ta ga rami a bango, da zagayen gansakuka inda dutsen ya saba zama. Kan Waliyyi na dutse da ke wurin tun kafin a kwaye rufin gidan sufayen ya tafi.

Ba wani babban abu ba ne. Girmansa bai wuce kan kabeji ba, hancin ya gutsure, ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Amma namu ne, kuma saura mako biyu ranar Waliyyi.

Delia ce ke da kanti da mashaya a garinmu, don haka kafin a fito daga addu'ar Mas ta ƙarfe takwas a coci labari ya kai har bakin kogi. Da hantsi kantin ya cika da mutanen da ba su zo sayen komai ba.

"Ba sai an je Dublin neman ɓarawo ba," in ji Owen Feeney, wanda gonarsa ke manne da kufan. "Yana can gindin katanga yana dafa shayi. Da idona na gan shi a cikin kango da sassafe."

"Kai me ka je yi da sassafe, Owen? Addu'a?"

"Saniya na je dubawa."

"To, Allah ya ba saniya lafiya."

Aka yi dariya kaɗan. Nas Gilhooly ta shigo sayen sabulu, Delia ta yi maza ta tura kwalbar ruwan rijiyar bayan buhun sukari, don kowa ya san Nas tana zubar da irin wannan ruwa duk inda ta gan shi a gefen gadon majinyaci.

"Ya jikin maigidanki Hughie?" in ji Delia.

"Yana nan," in ji Nas. Ta ɗauki sabulunta ta fita.

Mutumin da Feeney ke nufi shi ne Christy Mongan, ɗaya daga cikin matafiyan nan masu gyaran bokiti da tukunya, waɗanda gidansu keken doki ne. Duk watan Agusta yakan zo ya kafa tanti a gindin katangar kufan, saboda matarsa Winnie a nan ta rasu wajen haihuwa shekara bakwai da suka wuce, aka binne ta a kusurwar da ake binne baƙi. Da rana Sajan Lavin ya je ya duba. A laka, daidai ƙasan gurbin, ya ga sawun ƙafa babu takalmi. A garinmu ba wanda ya wuce shekara goma da zai fita ƙafa ba takalmi, sai irin su Mongan. Sajan ya tambaye shi abin da ya gani da safen, Mongan ya ƙi faɗa. Kafin yamma yana ɗakin tsare mutane, aka kuma yi waya cewa motar kotu ta zo ta ɗauke shi ranar Juma'a da ƙarfe huɗu.

*

Malachy Dockery ya yi shekara talatin yana gadin namun daji a babban gidan masu ƙasar yankin kafin a sayar da shi. Yanzu ya haura saba'in, yana zaune shi kaɗai da kare, kuma shi ake kira idan karsana ta ɓata ko yanyawa ta addabi kaji. Ranar Laraba Sajan ya same shi a ƙofar gida yana cusa taba a lofe.

"Mun kama ɓarawo, dutsen ne ba mu samu ba. Fada Cunniffe yana so a mayar da shi kafin ranar Waliyyi. Wani wuri ya binne shi. Ka bi sawunsa ka tono mana."

"Mutum nawa suka shiga kufan tun jiya?"

"Kusan kowa."

"Da takalmansu?"

"To da me za su shiga, Malachy?"

Malachy ya kunna lofen, ya ɗauki sandarsa. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Haka yake.

A gaban gurbin babu abin da ya rage sai caɓi, sai sawun nan guda ɗaya da Sajan ya kife wa bokiti. Malachy ya ɗaga bokitin, ya durƙusa ya daɗe, ya mayar. Daga nan ya juya baya ga rijiyar ya nufi inda bangon cocin ya rufta. Can ya sami layin tayar baro ɗaya, mai zurfi wajen fita, marar zurfi wajen shiga. Ya bi shi ta giɓin shinge, ya gangara gonar dankali, ya tsaya a bayan gidan Feeney.

Feeney yana gina sabon ɗakin aladu. A jere na uku na ginin akwai dutse mai zanen ganyen inabi, an juya fuskarsa rabi ciki.

"Aladunka sun sami gata, Owen. Ko Fada bai kwana cikin irin wannan dutse ba."

"A ƙasa na tsince su. Sun riga sun faɗo."

"Sawu nawa?"

"Shida. Ko bakwai. Ubana ma ya ɗiba, uban kowa ya ɗiba. Rabin garin nan da duwatsun sufaye aka gina shi, har matakalar gidan Fada." Ya share gumi da hula. "Amma kan, wallahi ban taɓa shi ba. Ni mahaukaci ne? Wanda ya taɓa shi na ƙarshe da mugun nufi, hannunsa ya shanye."

"Shi ya sa ka fi kowa ɗaga murya a kanti."

"Na gan shi a ciki, ba ƙarya na yi ba."

"Yana ɗauke da wani abu?"

"Hularsa," ya ce. "Yana tsaye kan kabarin matar."

Malachy ya leƙa cikin baron. Garin farar ƙasa ne da ɓarɓashin siminti, babu ko ɗigon gansakuka. Ya ce masa ya ci gaba da aikinsa.

*

A ɗakin tsarewa Mongan yana zaune kan benci, ya jingina da bango. Sajan ya kai masa shayi da burodi, bai taɓa ba.

"Wa ke ba dokina ruwa?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Zan duba shi. Miƙo ƙafarka."

"Takalmi za ka ɗinka min, Baba?"

"Miƙo dai."

Ƙafa ce mai faɗi kamar faranti, yatsu a baje, kowanne ya kama gabansa, dunduniya duk kaushi. Malachy ya danna tafin da babban yatsa. Kamar ya danna fatar sirdi.

"Me ka gani ranar Talata da safe?"

"Hankaki biyu. Da Feeney yana satar bango."

"Sai me?"

"Sai rana ta fito."

"Ka san abin da alƙali zai ba ka? Wata shida, in ya tashi da ƙafar dama. Kai ba ka taɓa kwana ƙarƙashin rufi mako guda ba."

"Na sani."

"To?"

"To shi ke nan." Mongan ya janye ƙafarsa. "Ku mutanen gida kuna da coci mai rufi da littafi, mu ba mu da komai sai abin da tsofaffi suka faɗa mana. Akwai abin da ba a faɗa. In ka je wurin dokin, kada ka bi ta hagunsa, yana harbi."

A waje Sajan ya tare shi. "Ya faɗi inda ya ɓoye?"

"Ba ƙafarsa ba ce."

"Ƙafa ƙafa ce."

"Wadda ke ƙarƙashin bokitinka yatsunta a matse suke, babban ya karkata ya hau na kusa da shi. Ƙafar da ta girma cikin takalmi ce, takalmin ma matsattse."

"Laka tana matsewa in ta bushe. Kawo min dutsen, ko ka kawo min suna. Alƙali ba ya sauraron yatsu."

*

Ranar Alhamis Malachy ya koma kufan da sanyin safiya. Wannan karon bai kula gurbin ba. Ya fita ta ƙofar yamma ya bi bangon ta waje, ta gefen arewa inda rana ba ta sauka, inda ciyawa mai ƙaiƙayi ta kai ƙugu kuma ba mai shiga sai tumaki.

Ciyawar a kwance take, siririyar hanya guda. A ƙarƙashinta, cikin baƙar laka, ga sawun nan.

Ya bi shi a hankali. Takun gajere ne, na mai tsoron abin da zai taka, yana kauce wa kowace tsakuwa. Ya wuce gindin hasumiya, ya tsaya a gaban karyayyen gicciye inda gwiwoyi biyu suka lotsa ƙasa, ya zagaya bayan makabarta, ya biyo ta tsohon ɗakin cin abincin sufaye, ya dawo ƙofar yamma. Bangon yana hannun damansa ko'ina, yadda rana ke tafiya. Kuma ba sau ɗaya ba. Sawu kan sawu, sau uku. A zagaye na biyu, kusa da gicciyen, ƙafar hagu ta taka fasasshiyar kwalba. Daga nan zuwa ƙarshe a kan yatsu take tafiya, dunduniyar ba ta sake taɓa ƙasa ba, kuma kowane ganye na biyar ko na shida yana da ɗigon da ya riga ya yi baƙi.

A matakalar dutsen da ake haura katanga zuwa titi, mutumin ya zauna ya sa takalmi. Ƙaramin takalmi ne mai ɗan tudun dunduniya. An jingina keke a wurin. Amma kekuna a ƙasarmu sun fi karnuka yawa, kuma titin kwalta ba ya riƙe komai.

Malachy ya zauna kan matakalar ya sha lofe guda. Mu ma muna zagaya rijiya ranar Waliyyi, sau bakwai, da takalmanmu, muna hira ƙasa-ƙasa. Wannan doguwar hanyar ta bayan bango kuwa bai taɓa ganin wani ya bi ta ba. Abin da ya sani kawai, ɓarawo ba ya durƙusawa a gaban gicciye da kwalba a ƙafarsa.

*

Nan Brehony ta fi kowa tsufa a yankin. Tana zaune a ƙarshen hanyar fadama, shekara uku ba ta taka waje ba saboda gyambon ƙafa.

"Allah ya kiyaye mutan gida," in ji Malachy daga bakin ƙofa.

"Mutan gida ni ce da kyanwa. Shigo, ɗan Dockery, ka rufe ƙofa. Ka tsufa."

"Ke kuwa kina nan yadda kike, Kaka."

"Maƙaryaci, kamar ubanka. Dafa mana shayi."

Ya dafa. Ya gaya mata abin da ya gani a bayan bango, bai rage komai ba. Ta saurara idonta a rufe.

"Babban zagaye ke nan," ta ce. "Ba sata aka yi ba, aro aka yi. Rabon da a are shi tun shekarar babbar mura, uwata ce ma ta ara saboda ƙanena. In likita ya ɗauke hannu, sai mutum ya je kafin fitowar rana, ƙafa ba takalmi, ya yi zagaye uku ta waje, ya ɗauko Waliyyi ya sa shi ƙarƙashin matashin marar lafiya. Kwana tara. Ran na tara ya mayar."

"Me ya hana mai aron ya fito ya faɗa? Ga mutum a kulle."

"Ba a faɗa. In bakin mai aro ya ambaci dutsen, aikin ya karye. In wani ya kira sunan mai aron a kan maganar, ya karye. Ko ga Fada a ɗakin furta zunubi ba a faɗa. Da can kowa ya sani. A wayi gari a ga gurbi fayau, sai a ce Allah ya ba shi lafiya, ko wane ne, a wuce. Yanzu kun yi ilimi, sai ku kira ɗan sanda."

"Ƙanenki ya tashi?"

"Ya mutu ran na shida. Amma uwata ta cika kwanakinta." Ta kurɓi shayi. "Ka cika wa shayin ruwa."

"Wa kika koya wa zagayen, Kaka?"

"Kai ma so kake in karya?"

"A'a. Na janye."

"Gara dai. Wa ma zan koya wa? Wa ke zuwa nan? Jikokina suna Birmingham. Daga kyanwa sai mai wanke min ƙafa ran Litinin da Juma'a, ita ma ba ta son surutu." Ta buɗe ido ɗaya ta dube shi. "Ban ce komai ba."

"Ban ji komai ba."

*

Gidan Nas Gilhooly yana bayan makaranta. Kekenta na jingine a bango, kwandon gaba ya ɗan lotsa. Ta buɗe ƙofa da tawul a kafaɗa. Daga ɗakin ciki ana jin numfashin Hughie, mijinta, wanda tun bazara asibitin lardi ya sallamo shi ya ce a kai shi gida. Takalmin da ke ƙafarta na hagu ba a ɗaure igiyarsa ba.

"Wani ne ba lafiya, Malachy?"

"Kowa lafiya. Kada ki ce komai, ni zan yi magana, kuma ba da ke nake ba. Da ƙofar nan nake."

Ta riƙe bakin tawul ɗin.

"Gobe da ƙarfe uku Fada ya kira taro a zauren coci. Zan faɗi abin da ƙasa ta nuna min. Ba zan kira sunan kowa ba, ko Sajan zai kulle ni tare da wancan. Da ƙarfe huɗu mota za ta zo. Mongan ya ga wanda ya shiga kufan, ya kuma san me ake yi, shi ya sa ya ce hankaki ya gani. Wata shida zai ci a kan hankaki."

Ta waiga wajen ɗakin ciki.

"Na tuna shekarar da matarsa ta rasu, likita ya ce ba zai shiga tanti ba. Wani ya shiga, ya kwana biyu a ciki. Ina jin Mongan bai manta ba." Ya gyara hularsa. "Kwalba mai datti ce, a wanke wurin da kyau. Amma wa zan koya wa."

Daga ciki Hughie ya kira, "Attracta, wane ne?"

"Malachy Dockery ne," ta ce. "Yana wucewa."

*

Mutum arba'in da wani abu suka zo zauren. Mahaifiyata tana ciki, daga bakinta na ji yawancin abin da ke tafe, sauran kuma na tambayi mutum uku, inda suka saɓa na ɗauki wanda biyu suka yarda da shi. Fada Cunniffe yana gaba a kan kujera. Sajan ya kawo Mongan da ankwa ya zaunar da shi kusa da ƙofa don kada a ɓata lokaci in mota ta zo. Feeney yana can baya. Nas Gilhooly ta shigo a makare ta zauna a ƙarshen benci na uku, jakar aikinta a cinya.

Malachy bai iya jawabi ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa kamar a can aka rubuta.

"Baro ya shiga kufan sau bakwai. Ba shi ya ɗauki kan ba. Abin da ya ɗauka, mai shi zai mayar kafin Lahadi, in yana da hankali."

Ba wanda ya waiwaya, amma aka ji Feeney yana tari.

"Mongan ya shiga. Daga tantinsa zuwa kabarin matarsa, ya dawo. Ƙafarsa ba ta je kusa da rijiya ba."

Sannan ya faɗi na bayan bango: zagaye uku, gwiwoyi a gaban gicciye, kwalbar, jinin. Ya faɗi abin da Nan Brehony ta gaya masa, har da sharaɗin shirun. Tsofaffi biyu ko uku suka fara gyaɗa kai. Wani ya ce kakarsa ta taɓa ba shi labarin, ya ɗauka tatsuniya ce.

"Ban taɓa jin wannan ba," in ji Fada, "kuma ba na jin Bishop zai so ya ji."

"Shekararka goma sha ɗaya kawai a nan, Fada. Baƙo ne kai tukuna," in ji Malachy.

"Labari mai daɗi," in ji Sajan. "Tsohuwa ta ce, laka ta ce. Ni abin da nake da shi, dutse ya ɓata, an ga mutum a wurin, ya ƙi magana. Ka san wanda ya ɗauka?"

"Na sani."

"Suna."

"A'a."

"Kai fa, Mongan? Dama ta ƙarshe."

"Hankaki biyu, ranka ya daɗe."

"To ku taimake ni mana," Sajan ya ce da zauren gaba ɗaya, muryarsa a gajiye. "Ba ni da wani abu da mutumin nan. Amma na riga na yi waya. Ba zan ce wa alƙali Waliyyi ya tafi jinya ba."

Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata. Mutane suka fara kallon juna ta gefen ido, kowa yana lissafin gidajen da ke da marar lafiya. Akwai da yawa. Tsohon Beirne yana da ciwon ƙirji, jaririn gidan Hanly bai cika wata ba yana amai. Ba wanda ya dubi benci na uku. Ko a mafarki ba za su dubi wurin ba.

Sai aka ji ƙarar jaka an ajiye ta a ƙasa.

Nas Gilhooly ta sunkuya ta zare takalmin hagu. Ta naɗe safa ta cire. Ta warware bandeji a hankali, tana naɗe shi a yatsunta biyu yadda take yi a gidan kowa, ta ajiye shi kan benci. Sannan ta miƙe ta taka zuwa gaba, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta tsaya gaban Sajan, ta dafa teburin Fada, ta ɗaga dunduniyar. Yankan ya kai tsawon ɗan yatsa, an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinkin wanda ya yi wa kansa.

Delia Tansey ta dafe ƙirji. "Yesu da Maryamu, ashe dai..."

"Rufe bakinki, Madam."

Mongan ne. Shekara bakwai yana zuwa ƙofar bayan kantinta da hula a hannu. Delia ta rufe bakin.

Sajan ya buɗe littafinsa, ya lashi bakin fensir, ya tsaya. Ya dubi ƙafar, ya dubi Malachy. Malachy yana kallon rufi.

"Me zan rubuta, Fada?"

Fada Cunniffe ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. "Dutsen na coci ne," ya ce. "Coci ba ta shigar da ƙara ba. Rubuta an ba da aro."

"Ga wa?"

"Ban ga kowa ba. Idona ba shi da kyau in babu tabarau."

Sajan ya rufe littafin. Ya laluba aljihu ya fito da ɗan makulli. Da aka cire ankwar, Mongan ya murza wuyan hannunsa, ya je benci na uku ya ɗauko takalmin da safar, ya kawo mata.

"Ba ki ce komai ba, baiwar Allah. Mutum arba'in shaida ne. Saura kwana biyar, je ki wurinsa."

Ta karɓa. Aka dare mata hanya ta fita da takalmin a hannu. Da ƙarfe huɗu da minti goma motar kotu ta tsaya a ƙofar zaure, Sajan ya fita ya yi magana da direban ta taga, motar ta juya.

Ranar Alhamis ta sama aka wayi gari kan yana gurbinsa, an wanke shi da sabulu. Hughie Gilhooly ya kai watan Nuwamba. Wasu sun ce Waliyyi ne ya ƙara masa wata uku, wasu sun ce dama haka ciwon yake. Ba a tambayi Nas ba.

Amma wannan daga baya ne. A yammacin Juma'ar, ba wanda ya ba Mongan haƙuri. Mutane suka watse da sauri, kowa ya tuna yana da shanun tatsa. Malachy kaɗai ya raka shi zuwa gindin katanga. Suka tarar an yaga tantin gida biyu, an zubar da kayan aikinsa cikin kwata, an kuma yanke igiyar dokin. Da safe da Malachy ya kawo wa dokin ruwa yana nan a ɗaure.

Mongan ya tsaya yana kallon guntun igiyar. Ya tsuguna ya fara tsince gudumominsa ɗaya bayan ɗaya yana goge su a wando.

Malachy ya zagaya turken, ya matsa gaba kaɗan, ya ture ciyawa da sanda.

"Dokin ya yi wajen kogi, kuma ba gudu yake ba," ya ce. "Bar waɗannan. In mun tafi yanzu za mu cim masa da sauran haske."